Shekara Sha Bakwai, Ina Cigiyar Muryar Yaya Haruna

Yau shekara goma sha bakwai ke nan da aka fita da gawar Yaya Haruna daga gidanmu na Waziriyya, a nan Jidda. Duk shekara nakan dafa abincin sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin akwai abin da nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Mu biyu Inna ta haifa. Kakanninmu aikin Hajji ya kawo su daga Damagaram, ba su koma ba. Yaya ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma a can wani ma'aikacin jirgi ya ba shi kwalin kaset-kaset na bidiyo, na wani shirin talabijin na Amurka, irin na kaboyi masu dawakai da faffaɗan huluna. Sai dai wannan na daban ne. Wani mutum-mutumin ƙarfe ne ya faɗo daga wata duniya cikin ƙauyen makiyaya, mutanen gari suka naɗa shi ɗan doka saboda harsashi ba ya huda shi. Ga ƙarfi kamar giwa, amma da hadari ya haɗu sai ya ruga ƙarƙashin keken doki don tsoron tsatsa.

Turancin Yaya na bakin tasha ne, bai wuce na ɗauka da ajiye ba. Sai ya kashe sautin, ya zauna gefen talabijin yana sa musu magana da Hausa. Mutumin ƙarfe ya zama Malam Gwangwani. Mugun attajirin shirin kuwa da bakin 'yan kasuwar Bab Makka yake magana, ana harbinsa yana ciniki. Ranar Juma'a bayan la'asar tsakar gidanmu ba masaka tsinke: 'yan Nijar, 'yan Chadi, tsofaffin mata, da waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, ba sa taka titi da sakin jiki. A nan suke dariya har da hawaye.

Kaset goma sha ɗaya ne duka. Na ƙarshe ya tsaya Malam Gwangwani yana tsakiyar kogi, ruwa ya kai masa wuya. Yaya ya shekara yana tambayar ma'aikatan jiragen ruwa ci gaban, har wani ya gaya masa ai masu shirin sun daina tuntuni, wai ba 'yan kallo. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Su bar bawan Allah cikin ruwa don ba 'yan kallo? To mu ba mutane ba ne?" Daga ranar Yaya ya riƙa tsamo shi da baki, kowace Juma'a da irin nata ƙarshen. Daga baya ya samo na'ura mai makirufo, ya ɗora muryarsa a kan kaset-kaset ɗin.

Ciwon ƙoda ya kwantar da shi wata biyar. Ya bar 'ya ɗaya, Amira, tana shekara uku. Mahaifiyarta ma ba ta daɗe ba ta bi shi, Inna ta bi su, ni na riƙe yarinyar. Yanzu shekararta ashirin, an sa ranar aurenta bayan Babbar Salla, kuma mijin a wani gari mai nisa yake aiki. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Watan jiya muna ninke kaya ta ce mini, "Goggo, yaya muryar Baba take?"

Na buɗe baki in kwaikwaya mata, ba abin da ya fito. Na tuna maganganunsa, na tuna yadda yake buga cinya kafin ya yi dariya, amma muryar kanta ta fita daga kunnena, ban san ranar da ta fita ba.

Kaset ɗaya ya rage mini, a ƙasan akwatin zannuwan Inna. Danshin tekun Jidda ya sa ya yi fumfuna. Mako uku ina yawon Bab Makka shago-shago, masu shaguna suna juya shi a hannu suna murmushi. Da ƙyar na samu wani tsoho ɗan Chadi, Malam Abakar, mai gyaran rediyo, da na'urar bidiyonsa mai rai. Ya kwana biyu yana goge zaren kaset ɗin. Ranar da muka je da Amira ya ce, "Hajiya, sau ɗaya zai wuce, halas, shi ke nan. In ya tsinke ba ɗinki."

Hoton ya fito yana rawa. Sai ga Malam Gwangwani ya tare wani makiyayi, sai ga muryar ɗan'uwana: "Bawan Allah, ina ake sayar da man kaɗe a garin nan? Gwiwata ta ƙi." Ya fashe da dariya a kan abin da ya faɗa da kansa. Can baya kuma Inna tana cewa, "Haruna, matsa, ka tare mana." Bai cika minti ɗaya ba na'urar ta yi ƙara, ta tauna zaren.

Wayar Amira tana hannunta tun farko, ta shirya ta ɗauki muryar. Da ta ji shi, ta manta ta danna. Ni ma ban tuna mata ba. A mota ba ta yi kuka ba, sai da muka iso ƙofar gida ta ce, "Goggo, ban gama ji ba."

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da wannan zamani. Yau fassara fim da Hausa sana'a ce, ana ci da ita, shi kuwa ko shayi bai taɓa karɓa ba. Na san zai yi murna, ba shi da ƙyashi. Saurayin Amira ma ya nemo mini shirin a waya cikin ɗan lokaci, tas da shi, da Turancinsa. Na kalla har ƙarshe ban yi ko murmushi ba. Ashe ba Amurkawa ke ba mu dariya ba. Tsakar gidan nan kuma ta watse: wasu sun mutu, wasu an mayar da su ƙasashensu, gidan ma tun da muka tashi ya zama ɗakin ajiyar kaya.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, bai cika tafin hannu ba. Kabari a nan ba suna a kansa. Hotonsa ɗaya ne, na jikin takardar shaida, bai yi kama da shi ba. Abin da ya bari yana cikin mutanen da ya sa dariya a ranakun da ba su da dalilin yin ta, kuma su nake roƙo.

Duk maƙwabcin da zai koma gida, Yaya yakan kwafa masa kaset ɗaya guzuri, ya ɗiga wa kaset ɗin jan fenti irin na jirgin ruwa a goshi. Sun tafi Damagaram, Maraɗi, Anjamena, Kano. Don Allah, don Annabi, in iyayenku sun taɓa zama a Waziriyya, ku buɗe tsoffin akwatunan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ga Salla ta matso. Ba sai kun aiko da kaset ɗin ba. Ku nemi bidiyo, ku kanga waya, ku tabbata kun danna, ku sanar da editan wannan shafi.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa aljanna makoma. Ni na ji shi shekara talatin. 'Yarsa minti ɗaya ta samu, shi ma bai cika ba.