Kakar da Sani ya yi a cikin hular kwano

Shekara uku ke nan da rasuwar Sani, ɗan yayata Hajiya Rabi, kuma sai bana mahaifiyarsa ta san abin da yake yi a shekararsa ta ƙarshe.

Daga Damagaram ya zo Faransa karatun injiniya, aka ba shi ɗaki a Villeurbanne, gefen Lyon. A can ya fara ƙwallon Amirka, wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna tare mutum da ƙirji. Sani yana da gudu. Da wata ƙungiyar ƙwararru ta Paris ta ɗauke shi, sai ya ajiye karatu ana saura shekara guda ya gama.

Ni ya fara faɗa wa, ni kuma na kai maganar gaban Alhaji Idi, ƙanin mahaifinsa, ɗan kasuwa a La Courneuve, gefen Paris. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "An aiko ka neman digiri, ka zama ragon karo. To, Hajiya ba za ta ji wannan ba." Haka muka saba: uwa tana nesa, ba a aika mata abin da zai tayar mata da hankali. Na amince.

Kakar wasan ta kama daga farkon bazara zuwa ƙarshenta. Na je wasa huɗu, ban fahimci rabin dokokin ba. Na dai fahimci ƙarar da hula ke yi idan ta haɗu da hula. A wasa na ƙarshe da na gani, an ɗauke shi daga fili bayan wani karo, ya dawo bayan hutun rabin lokaci. Da muka fito na tambaye shi jiki. "Lafiya lau, Tonton, ça va," in ji shi, wato "Kawu, ba komai" da Faransanci, sannan ya tambaye ni sau biyu inda na ajiye mota, alhali a jirgin ƙasa muka zo tare. Na yi masa dariya.

Bayan an rufe kaka ya koma Villeurbanne kwashe kayansa. A ɗakin aka same shi. Likitoci suka ce jini ne ya taru a kansa.

Ranar zaman makoki abokan wasansa sun zo da rigarsa da hularsa. Alhaji ya karɓi gaisuwarsu a bakin ƙofa, ya sa aka kai kayan ma'ajiyar shagonsa, bayan katan-katan na atamfa. Sannan ya juyo gare ni. "Kai ne mai muryar rediyo, kai ne Hajiya za ta yarda da kai. Ka ce zazzaɓi ne, ana tsakiyar jarrabawa." Na ɗauki saƙon murya sau uku kafin ya fita tsaf, babu rawar murya, kamar yadda aka koya mana karanta labarin rasuwa a gidan rediyon da nake aiki.

Da Sani zai leƙo yau, zai tarar da wani yana sanye da riga mai lambarsa, Alhaji kuma yana ba ɗalibai sababbin zuwa labarin "injiniyanmu da Allah bai nufa ba". Ina jin dariya zai yi, don bai taɓa iya riƙe fushi ba. Mu kuwa da wannan halin nasa muka ci moriya.

A watan da ya wuce wata jikar Hajiya ta nuna mata bidiyon wasannin kakar a waya. Fuska a rufe take, amma ta gane gudun ɗanta. Ta kira ni, muka gaisa har ƙarshe, ba ta tsallake ko gajiya ba.

"Wata nawa ya yi yana wannan abin?"

"Kamar huɗu, Yaya."

"Kullum haka ake bugun kansa?"

Na ce kusan kullum.

"Wata huɗu ina tashi ina roƙa masa sa'ar jarrabawa," in ji ta. "Da kun faɗa mini, da kansa na roƙa wa tsari."

Sannan ta ce in gaida iyali.

Abin da ya rage na Sani ba shi da yawa: digirin da bai karɓa ba, wanda har yanzu muke yi masa ado da shi, da 'yan mintoci na bidiyo inda baƙi ke tashi tsaye suna kiran sunansa. Hajiya ta ce a aika mata hular. Alhaji ya duba ma'ajiya, ya ce tun bara aka zubar da ita, wuri take ci.

Allah ya jiƙan Sani, ya ba mahaifiyarsa haƙurin zama da mu.