Garken Fayafan Yaya Bello

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bello, mai ɗaukar bidiyon biki da suna a Tambuwal. Garke ya bari, amma ba na shanu ba: fayafan ajiya ashirin da biyu, jone da kwamfuta guda.

Bai yarda da lamba ba. Sunayen shanun mahaifinmu ya raɗa musu: Kyalla, Gudale, Guntuwa. Kowane faifai yana da kwafi, wanda yake kira ɗiyarta. Duk aikin da ya ɗauka sai ya rubuta a littafi: bikin wane, garin Kebbe, yana cikin Gudale. Ni, malamin makaranta, dariya nake masa. Yakan ce, "Kai ka san boko, ni na san garkena. Makiyayi ba ya ɓatan kai ga shanu nai."

Bayan sadakar arba'in na kwashi kayan na kai wa mai gyara, wai zan kawo tsari. Ya goge sunayen, ya sa ɗaya zuwa ashirin da biyu. Ya ce rabi maimaici ne, a share a samu wuri. Na ce share. Bai san uwa ba, bai san ɗiya ba. Kyalla da ɗiyarta tare suka tafi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa har da girman kai.

Da Bello zai ga yau, da kowa ke ɗauka da waya ya goge gobe, ban ce zai yi mamaki ba. Ni ne zai kalla da mamaki.

Bana wata tsohuwa, Inna Hajo, ta zo daga Fakku a bayan babur. Ɗanta ya rasu, ba ta da ko hotonsa, ta tuna Bello ya ɗauki bikinsa. "Ba duka nika so ba, ɗana," in ji ta. "Inda yay yi dariya kawai." Na buɗe littafin. Rubutun Bello sarai: yana cikin Kyalla.

Abin da ya rage na yayana ke nan, littafin da bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya riƙe amanar mutane, ni na tozarta ta. Na ce wa Inna Hajo ana dubawa, ta dawo ran kasuwa. Sau uku ke nan tana dawowa, kuma kullum sai ta sa mini albarka kafin ta tafi.