Keken da Ya Ƙi Hawa Tudu

Shekarar da anka hana hawan babur a ƙasarmu, ni ma da furfurata na koma keke. Na yi Lome, na yi Kwatano, na yi Agadas a bayan babbar mota, sai ga ni a Yamai ina taya keke kamar yaro ɗan makaranta. Wanda na saya mai giya ne. A ƙafar baya akwai faifai bakwai masu haƙora, daga ƙarami zuwa babba, da wani ɗan ƙarfe mai tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan in ka danna a hannu. Mai kantin ya ce in sarƙa ta hau babban faifan, ko bango na samu sai in hau.

To a garinmu Filingue ba a hawan sabon keke sai an kai shi ɗauri. Haka munka tashi munka gani, duk abin da ke juyawa a jikinshi sai mai gyara ya bi shi ya matse. Mai gyaranmu kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, tun muna samari shina gyaran kekuna marasa giya.

"Kai bawana," in ji shi, "wanga keken hawa ne ko na ɗinki?"

"Ɗaure dai, ba wa'azi na kawo shi ba."

Ya bi shi tun daga kai har wutsiya. Da ya kai ga ɗan ƙarfen nan na baya sai ya yi tsaki. "Dubi aikin 'yan Yamai. Sukuru biyu sun bar su tsaye kamar kunnen zomo. Da ba ka da ni, da sun zube maka a hanya." Ya murɗa su har sunka nutse. Na yi godiya, har shayi na saya mishi. Da na kai gida maiɗakina ta ɗaura laya a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, ta ce ko babur ɗina ma da ita ya yi shekarunshi.

Kwana ukku ina yawo cikin gari. Gari shimfiɗe yake, ban nemi babban faifai ba.

Ran kasuwa wata mata ta same ni, daga ƙauyen da yayata ke aure, can arewa wajen hanyar Abala. Yayata tana da ciwon fuka tun tana budurwa. Matar ta ce tun jiya numfashi take ja da ƙyar, abin fesawarta na baki ya ƙare, rezon waya kuma babu balle a kira ni. Na sayo biyu a farmasi na zura aljihu, ina sallame azahar na fito da keke.

"Malam," in ji maiɗakina, "ka ƙetare tudu kafin la'asar. Ka san bayan la'asar hanyar ba tamu ba ce."

Na sani. Tun da anka hana babur, duk wanda ka ji bisa babur a daji ba kasuwa za shi ba.

Ƙarshen damina ne, hatsi ya wuce kan mutum dama da hagu. Hanyar da na saba gamuwa da amalanken jakai da mata masu ɗaukar nono, ran nan ko akuya ban gani ba. Ban so hakan ba, amma na ce ai kowa shina kasuwa.

A gindin tudu na danna giya. Sarƙa ta hau faifai ɗaya ta tsaya. Na sake dannawa, sai kar-kar-kar, tana lasar na gaba tana dawowa. Na miƙe tsaye bisa feda, keken ya yi taku goma ya ƙi. Ka ce me ya hana in tura? Tudun nan dogo ne, fili ne fetal, babu itacen da zai ɓoye ko kaza, gwiwata ta hagu kuma tun wata faɗuwa a Agadas ba ta shiri da tafiyar ƙasa. In na tura, la'asar a tsakiyarshi za ta same ni.

Na kife keken a gefen hanya. Na ce ko rairayi ne, na goge sarƙa da gefen rawanina. Ba shi ba ne. Na bi wayar giya da yatsa tun daga hannu, sai na tarar igiyar layar ta ɗaure ta tam da ƙarfe. Na ce yawwa, ga mai laifi. Na ciro 'yar wuƙata na yanke igiyar, laya ta faɗi bisa hanya. Na juya feda da hannu, na danna.

Kar-kar-kar.

A cikin wannan ƙarar na ji wata a ƙarƙashinta, daga bisa tudu. Babur. Ba ɗaya ba.

Ban san sa'ad da na ja keken na kutsa cikin hatsi ba. Na yi nisa kaɗan, na kwantar da shi, na kwanta kusa da shi, hancina daf da ƙafar baya. Ina nan kwance idona ya faɗa kan sukurun nan biyu, kawunansu na walƙiya inda ƙarfen taubashina ya karce su. Na sa babban yatsa na tura ɗan ƙarfen wajen babban faifai, na ga ya tafi ya daki bakin sukuru ya tsaya. Ashe ba sakaci ba ne anka bar su tsaye. Iyaka ce, su ke faɗa wa sarƙa inda za ta kai. Taubashina ya rufe mata ƙofa gaba da baya.

Baburan sunka iso. Biyu sunka wuce, na ukku ya rage gudu ya tsaya. Ta tsakanin kara ban ga komi ba sai taya da ƙafa guda a ƙasa. Na tuna layar tana nan bisa hanya, na tuna an yi ruwa shekaranjiya, sawun keke kuma ba ya ɓoyuwa a damshi. Injin shina ta bugawa a hankali. Na dafe aljihuna don kar gwangwanayen maganin su taɓa juna. Abin da ke kaina, in ban fita daga gonar ga ba, babu wanda ya san yaya tana jiran abin da ke cikin aljihun nan.

Wani ya yi kira daga gaba. Ƙafar ta ɗaga, babur ya tashi.

Ban motsa ba sai da tsuntsaye sunka koma cin hatsinsu. Sannan na sa bakin wuƙa a sukurun, ina kwancewa kaɗan ina juya feda. Sarƙa ta hau na biyar, ta hau na shidda. Na zarce, ta tsallake babban ta faɗa bayanshi, na ciro ta da yatsu na mai da sukurun rabin juyi. Ta hau ta zauna shiru.

Da na fito hanya, layar ba ta nan.

Na hau tudun ban waiwaya ba, inuwata na tsawo a gefena. Na tarar da yaya zaune jingine da bangon ɗaki, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na fito kamar buta bisa wuta. Mijinta ya riƙe mata kai, na fesa mata sau biyu. Munka zauna muna kallonta har fiton ya lafa.

Da ta samu bakin magana sai ta dubi keken, ta dubi hannuwana baƙi ƙirin. "Auta, a bisa wanga ka zo, ko shi ya zo a bisanka?"

"Mun yi ta karɓa-karɓa, Yaya."

Ta ja numfashi mai tsawo, har ƙasa, irin wanda ta kwana biyu ba ta ja ba. Sannan ta rage murya. "Ka gamu da su?"

"Da wa?"

Ta kalle ni ta ce, "To. Nan za ka kwana. Shigar da keken ɗaki, kar a gan shi daga waje."