Inda Muryar Mma Take Yankewa

Kwamfutar ta maigidana ce, irin ta kan tebur, mai allo daban da akwati daban. Ta hannu ya saya. Da ita yake buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki a wani ɗan shago kusa da tashar mota a Salaga. Ni doya nake sayarwa, kuma a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Wata Juma'a ya ɗauko ta ya kawo gida, ya ce zai ɗauki muryar Mma, mahaifiyata, wadda tsufa ya dawo da ita wurinmu. Labarin kakarta yake so, wadda ta rene ta. An kawo kakar nan Salaga tana ƙaramar yarinya da igiya a ƙugu, aka yi mata wanka a rijiyoyin bayan gari, aka shafe ta da man kaɗe don ta yi sheƙi, aka sayar. Kowa a gidanmu ya san wannan, ba kuma wanda yake faɗa. Na ce masa, "Duk maganar duniya ka rasa wadda za ka zuba a injinka sai wannan? Gobe ka buga ta a takarda ka raba a tasha?"

Mma tana zaune ta ba shi baya, don kunyar suruki. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ke, tafi kasuwarki. Ba da ke nake ba."

Na fita na bugo ƙofar har ƙyauren ya girgiza.

Mma ta rasu da damina. Bayan shekara uku maigidana ma ya bi ta. Da na fita takaba sai na shiga ajin manya, ina da jikoki, ina zaune a kan bencin yara gwiwoyina suna dukan tebur. Matan kasuwa sun yi dariya, na ce su ci gaba, haƙoransu ne. Malamarmu ta koya mana baƙi, daga baya ta nuna mana yadda ake kunna kwamfuta da yadda ake tura kibiyar nan a danna abu. Ranar da na kunna ta maigidana na ga jerin sunaye a allo, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa akwai wani mai harafi uku. Mma.

Bari in faɗi yadda nake ajiye ta. A ɗakinsa take. Kayan mamaci ba a barinsu tsirara, don haka na lulluɓe akwatin da batakarinsa, rigar saƙi mai nauyi, na cusa gefenta ta baya yadda ko ƙadangare ba zai shiga ba. In zan kunna, allon kawai nake buɗewa. Duk Alhamis bayan la'asar nakan sa garwashi a kasko, in zuba turare, in tura ƙarƙashin tebur, don kada ɗakin ya yi warin wurin da aka ƙaurace wa. A irin wannan lokacin na fara saurare.

Muryarta ta fito kamar tana bayan labule. Ta gaishe da maigidana, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta yi tari. Ta faro tun daga fataken goro, ta bi ta kan unguwanni da rijiyoyi, ba ta gaggawa. An ɗauki kamar lokacin da doya take yi ta dahu. Sai na ji shi ya ce, a hankali, "To Mma, kakar taki ta taɓa gaya miki sunan garinsu?"

Ta gyara murya. Ta ce, "Ta gaya mini. Sau ɗaya."

Allon ya yi baƙi.

Na ɗaga kai. Fankar sama tana juyawa, rediyon maƙwabta yana magana, ba a ɗauke wuta ba. Na danna maɓallin, shiru. Na zauna ina kallon inuwar fuskata a baƙin gilashin har aka kira magariba. Kashegari na danna ta tashi lafiya, kamar ba ita ba, amma ban iya buɗe sunan ba sai da wata Alhamis ta zagayo.

Haka aka yi ta yi. In sa turare, in zauna, in faro daga gaisuwa. Wani lokacin kwamfutar ta mutu kafin ya yi tambayar. Sau ɗaya ta kai har "Sau ɗaya, ranar da" sannan ta yanke. Na daina cin abincin kirki ranar Alhamis. A kasuwa ina jera doya sai in ji tarin Mma a bayana, in waiwaya in ga mai tura baro ne.

Na gaya wa 'yata da ke aure a Bawku ta waya. Ta ce, "Mama, ki ja shi gaba mana. Akwai ɗan layi a ƙasa, ki kai shi wurin kawai."

Na ce, "Na san layin, ba makauniya ba ce ni. Tana da rai na fice na bar ta tana magana. Yanzu kuma in tsallake maganarta kamar kwata? Wa ya taɓa ce wa babba, bar wannan, faɗi wancan?"

"To ai ba ta ji, Mama."

"Ke kika sani."

A Alhamis ta bakwai, tana tsakiyar zancen rijiyoyi, na ji wani ɗan ƙara, tas, sai warin ƙonanniyar roba ya danne turaren. Daga ranar kwamfutar ba ta sake tashi ba. Na sauya wayar wuta, na kai ta soket ɗin tsakar gida, na ari sitabilaizar mai shagon ƙanƙara. Ko ɗan koren hasken nan bai kama ba. A raina na gama yanke hukunci: Mma ta ce ba da ni take ba, kuma ba ta janye ba.

Na naɗe akwatin a zane na goya shi zuwa tasha, na nufi Yendi wurin ƙanin maigidana, wanda yake karantarwa a zauren mahaifinsu, kowa yana ce masa Afa, wato malam. Yana ganina ya ce, "A'a, matata ta dawo mini da goyo! Yaushe aka yi suna ba a gaya mini ba?"

Na ce, "Miji ba ko sisin cefane. Matsa in zauna."

Da na gama ba shi labari ya daina wasa. Ya ce, "Yaya, wanda ya riga mu yana da abin da ke gabansa. Ba shi da lokacin kashe miki kwamfuta. Ki yi mata addu'a, wannan kuma ki kai wa masu gyara."

Amma gwaggonsu, wadda ke tsinke zogale a bakin ƙofa, ta ce ba tare da ta dube mu ba, "Sau bakwai, duk kafin sunan? Uhm." Ita na fi ji.

Mai gyaran da Afa ya kai ni wurinsa bai ko kwance ƙusa ba. Ya jona, ya danna, ya ce komai na ciki ya ƙone, in bar masa ita ya zuba sabbin kaya ya wanke ta tas. Na ce abin da ke cikinta fa? Ya ce ai shi ne wankin, duk ya tafi. Na zare wayar daga bango da hannuna na mayar da ita bayana. Yana cewa, "Hajiya, tsaya mana," na ce ya je ya wanke tasa.

Kwana biyu bayan haka na isa Bawku. A hanya sojoji sun sa na kwance zanen har sau biyu. 'Yata ta kai ni wurin wata Bakusasiya, 'yar ƙabilar yankin, mai shagon gyara a bayan kasuwa, mace mai kamar shekara arba'in, tabarau a goshi, tana Hausar can da ba ta raba mace da namiji. Na ce mata kafin ta taɓa, ta sani uwata tana ciki. Ta ce, "To, za mu buɗe shi a hankali."

Ta cire murfin gefe, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, wa ya yi ma wannan abu turare? Amarya ne?"

Ta haska mini ciki. Wata 'yar fanka da ke ciki ta daskare da wani baƙin danƙo, irin na azarar ɗakin girki. Ta tura ta da yatsa, da ƙyar ta motsa. Ta tambaye ni inda nake ajiye ta, na faɗa mata har da batakarin. Ta dafe kai.

"Shi ma yana numfashi, ta baya da ta gefe. Kin toshe hancinshi, kin sa mishi wuta a ƙasa. In ya yi aiki zafi yana hawa, yana hawa, in ya kai wuya sai ya kashe kanshi don kada ya ƙone. Kullum daga farko kike fara?"

Na ce ƙwarai.

"Shi ya sa. Lokaci ɗaya, zafi ɗaya, wuri ɗaya. Da kin ja shi gaba tun ranar farko da kin ji."

'Yata ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe.

Abin da ke raba wuta a ciki ne ya ƙone daga ƙarshe. Wannan ana sauyawa, in ji ta. Wanda ba a sauyawa shi ne wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu inda komai yake kwance. Ta ciro shi, ta jona da tata kwamfutar. Ta ce in ya juya akwai rai. Na kara kunnena kusa da shi kamar yadda na kara a ƙirjin Mma ranar da ta cika. Sai na ji wani siririn gurnani a ciki.

Ta kwafe sunan mai harafi uku zuwa wuri biyu kafin ta yarda ta buɗe. Ta ce, "In kai shi wurin?"

Na ce, "Daga gaisuwa."

Ta dubi mutum biyu da ke jira da wayoyinsu, ta dube ni, ta ja kujera ta zauna. Muka saurari fatake, muka saurari rijiyoyi. Da ya yi tambayar na riƙe gefen benci.

"Ta gaya mini. Sau ɗaya, ranar da na haifi wannan da ta buga ƙofa yanzu. Ta ce in riƙe wa yarinyar." Sai ta faɗi sunan. Ta maimaita, ta rarraba shi don ya ji da kyau. Sannan ta ce, "Kada ka gaya mata yanzu, za ta yi maka faɗa. Ka bari sai ta nema."

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Mai gyaran ce ta fara magana. Ta ce ta san wurin, ƙauye ne a kan hanyar da na biyo, ana tsayawa a sayi ƙwan zabi.

Da zan koma motar ta tsaya a can da hantsi. Gidajen ƙasa ne masu jinka, da wata kuka, da injin niƙa yana ƙara. Mata suka yo kan tagogi da tire, suna kira da yaren da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Direba ya ce mai sauka ya yi sauri. Kwamfutar tana kan cinyata, na riga na kama hannun ƙofa. Wata tsohuwa ta miƙo mini ƙwai ta taga, ta tsaya tana dubana fiye da yadda mai talla take duban mai saye, ta ce wani abu. Na tambayi na kusa da ni me ta ce. Ya ce shi ma baƙo ne. Direba ya tayar da mota.