Ranar da na wanke kwamfutar Baba

Ranar jajiberin Babbar Sallah ta shekarar da nake aji biyar, Goggo ta tashe mu da hantsi ta ce a fitar da komai na ɗaki a wanke. Haka al'adar gidanmu take a Rabah. A fito da kwanuka da tasoshi a jera a tsakar gida, a dirje su da toka da soso, a share yanar gizo, a shanya tabarmi a kan katanga. Ragon layya yana ɗaure a gindin darbejiya yana ta kuka, ƙanina Sani yana tsokanarsa da kara, ni kuma ƙafafuna ɗaure da lalle a cikin leda ina ta kai da kawo da bokiti. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta dawo gidanmu tun da Inna ta rasu, kuma mace ce da ba ta yarda abu ya yi tsabta sai ta ga ruwa ya ratsa shi. Da na gama da ɗakinmu sai na leƙa ɗakin Baba, idona ya faɗa kan kwamfutarsa.

Tsohuwa ce tun ranar da ta shigo gidan. Baba malamin firamare ne, ya sayo ta a Sakkwato a hannun wani ofis da ya gaji da ita, yana buga wa mutane wasiƙu da katin biki a duk lokacin da aka kawo wuta. Idan ta tashi tana gurnani kamar injin markaɗe, kuma murfin gefenta ba shi da ƙusa ko ɗaya saboda yawan buɗewa. Amma mu ba don wasiƙu muke ƙaunarta ba. A cikinta akwai wani ɗan gajeren bidiyo na Inna, tana zaune a bakin rumfar albasa tana tsince ruɓaɓɓu, tana dariya tana kare fuska da gyale, tana ce wa Baba ya kawar da abin nan daga gabanta. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa ruwa a fadama. Ba mu da muryarta a ko'ina a duniya sai a cikin wannan akwati, kuma duk Juma'ar da aka yi sa'a da wuta Baba yakan kunna mana.

Na cire murfin na ga ƙura ta yi kauri a kan fanka, ga yana, ga busasshen kashin ƙadangare. Raina ya ɓaci ƙwarai, wai a ce inda Inna take ya fi ko'ina datti a gidan. Na kinkimi akwatin zuwa bayan ɗaki, na ɗauko buta na kwarara masa ruwa ciki da bai har sau uku, sai da ruwan ya fito fari tas. Na girgiza shi, na goge bayansa da zane, na mayar da murfin, na ajiye shi a mazauninsa na lulluɓe da kyallen da ake rufe shi. Har alfahari nake yi, ina jiran yabo.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Baba ya shigo da sauri don akwai katin ɗaurin aure da ake jira, ya danna maɓalli. Wani ƙara ya tashi, fat, sai hayaƙi siriri da warin ƙonannen roba. Ya fizge wayar wutar daga bango, ya tsaya yana kallon akwatin. Ina bakin ƙofa ina kallo. A lokacin ne na gane abin da na yi, kuma a lokacin ne na kulle bakina. Baba ya ɗora laifin a kan wutar da ta zo da ƙarfi, ni kuwa na bar shi a haka.

Ban taɓa yin Sallah mai ɗaci irin wannan ba. An yanka rago, an yi suya, ƙawayena sun zo mu tafi yawon Sallah, na ce kaina ke ciwo. Da rana Baffa Bello, ƙanin Baba mai fataucin albasa a Goronyo, ya zo gaisuwa ya ji labari. Ya yi dariya ya ce ai hutu ne ya samu Baba, a ba masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su auna ta, in an kwashe albasa shi zai ƙara masa ya sayi sabuwa irin ta ɗauka a jaka. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce a hankali, "Uwassu na ciki, Bello. Ba ni yadda ta." Baffa ya sunkuyar da kai. Ni na gudu bayan rumbu na yi kuka har da shessheƙa, amma duk da haka ban faɗa ba.

Washegari Baba ya naɗe akwatin a bargo, ya ce in hau bayan babur in riƙe shi a tsakaninmu. Wurno muka nufa, wurin Malam Yohanna, wani malamin sakandare ɗan Zuru da kowa ya sani da gyaran tsofaffin kwamfutoci. Baba ya kai masa ƙullin naman Sallah. Ɗakinsa cike yake da matattun akwatuna da yake ciro kaya daga wannan ya rayar da wancan. Ya buɗe tamu, ya shinshina, ya ce ɗan akwatin da ke ba ta wuta ne ya ƙone, yana da wani. Ya sauya shi, ya ɗauki waya zai sa a bango, sai ya dakata yana murza yatsunsa biyu kamar ya ji danshi. Ya tambayi Baba ko ɗakin yana yoyo, domin in akwai sauran laima a ciki ya kunna, to har rumbun da ke ajiye komai zai iya tafiya. Baba ya ce ruwa bai taɓa ta ba, rabonmu da ruwan sama ya kai wata. Malam Yohanna ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa hannu zuwa bango.

Ban san lokacin da na riƙe masa hannun riga ba. Na ce na wanke ta, da buta, sau uku. Baba ya juyo ya ce, "Balkisu, mi kinka yi?" Na maimaita, na ce na ga datti ne a wurin Inna. Na rufe ido ina jiran mari, amma ba abin da ya sauka. Malam Yohanna ya ajiye wayar, ya warware kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan faifan matarsa, ya kai rana kamar mai shanyar kuɓewa. Ya ce mu dawo bayan kwana uku, kuma bai yi mana alkawarin komai ba.

Kwana ukun nan Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da muka koma, Malam Yohanna ya harhaɗa ta, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa daga wata matacciya, ya danna. Fanka ta juya, allo ya daɗe baƙi ƙirin, sannan ya haska. Baba ya nuna masa wurin, Malam Yohanna ya buɗe bidiyon. Dariyar Inna ta cika ɗakin. Baba ya share fuska da hularsa, ya dafa kaina ya ce, "Da kin yi shiru, da mun rasa ta sau biyu."

Yau kwamfutar tana ɗakina. Na sauya mata fanka da allo da rumbu, bidiyon kuma na kwafe shi a wurare da yawa. Abokan aikina suna sauya waya duk shekara, suna zubar da tsohuwar da duk abin da ke cikinta, suna yi mini tsiya in na ce a gyara tukuna. Baba ma ya rasu yanzu, kuma sai bayan rasuwarsa na lura cewa a ƙarshen bidiyon ana jin muryarsa yana dariya a bayan waya. Duk jajiberin Sallah ina buɗe murfin in share ƙurar da busasshen burushi, sannan in kunna in ji su su biyu.