Buhun Albasa da Tambayar Kawu

A shekarar da korona ta rufe mana makaranta a Bodinga na sayi wayar shafa, kuma cikin mako guda na fara jin kaina rabin likita. Wata safiya saƙon murya ya faɗo zauren malamai na waya: wani mai kiran kansa likita ya ce mai tari kada ya je asibiti, a yanka albasa a jera masa a ɗaki, za ta zuƙe cutar. Innata kuwa tana Shagari, kwana biyar tana tari, numfashinta na sama-sama.

Murna ta hana ni karin kumallo. Ashe magani a gonarmu yake! Na cusa buhun albasa a bas, na sauka ina kunna wa matan gida muryar. Ba mai irin wayata a cikinsu, sai gyaɗa kai suke yi.

Kawu, yayan Inna, malamin allo ne mai wayar dannawa, wadda sai an nemo masa lamba. Ya saurara har ƙarshe.

“Ɗana, wanga likita wane ne?”

“Allah gafarta Malam, bai faɗi suna ba.”

“To wa ya ba ka? Kira shi. Mu ko hadisi sai mun ji wa ya karɓo daga wa.”

Nan farauta ta tashi, har na manta ni ne abin kunyar. Abokin aikina da ya saka muryar a zauren ya ce surukinsa ya turo masa. Surukin ya ce daga wani direba ya samu. Kawu yana ƙirga su da yatsu, idonsa na ƙyalli, yana cewa, “Ci gaba, ci gaba.” Direban ya yi dariya, ya ce shi bai ma saurara ba, ya ga dai an ce a tura.

Kawu ya naɗe yatsunsa. “Mutum huɗu har da kai, ba wanda ya ga likitan. Ina amfanin bokonka? Tsayar da keke napep, a kai ta asibiti.”

A asibiti aka ce ciwon huhu ne, aka kwantar da Inna, ta kwana uku ta tashi. Ni kuma na bi matan gida ɗaki-ɗaki ina janye fatawata, don ba su da hanyar bincikawa sai bakina. Albasar ta tafi miya. Kawu ya ci, ya ce a nan kam ta yi aiki.