Takardu Tara na Goggo

Goggona, ƙanwar babana, shekara ashirin da shida ta yi tana rubuta sunayen ɗalibai a takardun shaidar kammala karatu, a wata makarantar koyon aikin jinya. Teburinta na can ƙarshen ofis, jikin taga. A kansa ba ka ganin komai sai alƙalamai uku masu bakin ƙarfe, irin na tsomawa, da tsumman gogewa, da kwalaben tawada a jere kamar na mai kemis. A hannunta na tashi, saboda haka kada wani ya ce zai gaya mini halinta. Taurin kai gare ta na a buga a jarida, ni kuma a haka nake sonta.

Ba kowace tawada ke samun izinin taɓa alƙalaminta ba. Mai ruwa-ruwa, in ji ta, zubowa take ta yi naso. Mai kauri ta daskare ta toshe bakin. Wata kuma ga kyau a ido, amma a hankali take cin ƙarfen, ta dawo ta ci takardar. In aka kawo sabuwa, sai ta rubuta layi biyu, ta rufe ɗaya da kwali, ta manna takardar a gilashin taga inda rana ke duka. Sai an kwana arba'in take cirewa, ta duba ko buɗaɗɗen ya koɗe, ta ɗiga ruwa, ta murza da yatsa. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai tawada ma sai ta ci jarrabawa a wurinta.

Ana saura shekara biyu ta yi ritaya aka kawo sabon magatakarda, wanda ma'aikata suka sa wa Sarkin Sauri. Ya sayo katan guda na wata shuɗiyar tawada mai sheƙi, wai ta dace da launin tambarin makaranta. Ga takardu ɗari uku, ga bikin yaye ɗalibai saura kwana goma.

Goggo ta ce, "Yallaɓai, ban gwada ta ba."

Ya ce, "Haba Mama, tawada ce fa, ba allura ba."

"Allura ai zafin yini ɗaya ne. Wannan takardar da ita za su ci abinci har tsufa."

Ya ce ko ta rubuta ko ta ba da teburin. Ta ba da teburin. Aka mayar da ita ɗakin ajiya, tsakanin tsintsiyoyi da karyayyun kujeru, aka ba wani akawu aikin. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, maimakon in ba ta haƙuri faɗa na rufe ta da shi. Na ce ina ruwanta, ta rubuta mana, in ta koɗe ita ta sayo? Ita dai ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Shekara uku ba ta cika ba takardu suka fara dawowa. Sunayen sun dusashe, sun koma kamar tabon shayi. Wata ta zo tana kuka, an kore ta daga wurin neman aiki, an ce ta bogi ce ta riƙo. Makaranta ta aiko har gida, da mota, ana roƙon Goggo. Ta ɗauki baƙar tawadarta ta koma, wata huɗu tana sake rubutawa. Na so ƙwarai ta yi wa mutumin nan gori ko da sau ɗaya ne. Ko kallon banza ba ta yi masa ba, abin ya ba ni haushi.

Wata ranar Asabar na same ta a falo da wata guntuwar takarda, sunaye tara, an soke takwas. Na tambaye ta na su wa ne.

Ta ce, "Nawa ne. Ranar nan, kafin in ajiye alƙalami, na rubuta tara da shuɗiyar. Tsoro na ji, 'yata. Na hango kaina a ɗakin ajiya, hannuna ya tafi da kansa."

Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai tuhume ta. Amma da ƙafarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, asibiti zuwa asibiti, ta karɓo ta sake musu. Ta taran ce ta gagara. An ce ta yi aure ta bar garin, lambarta ba ta shiga.

Yanzu Goggo ta haura saba'in, idonta ya fara hazo. Sabuwar takardar yarinyar na cikin jakarta, a rubuce, da sa hannu da hatimi. Duk lokacin da na kai ta awon jini, kafin ta miƙa hannu sai ta tambayi ma'aikaciyar jinyar ko ta san mai wannan sunan.